Bakin salansa yana ja kamar garwashi bayan an ɗaure inji

Assalamu alaikum Malam. Ni direba na, ina ɗaukar fasinja tsakanin Sakkwato da Illela da wata Carina E mai injin 4A-FE. Wagga mota da ita nika ciyar da iyalina. Ta daɗe tana shan baƙin mai tana hayaƙi, sai na ci bashi anka sauke injin. An canza ringi da metal da gasket, an kai tof silinda an wanke bawul, an sa sabon taimin bel. Tsohon manifol ɗin salansa ya tsage, sai anka sa wani na Baljiyam mai siraran bututu huɗu, kuma ba a maida gwangwanin da ke rufe shi ba don bai hau ba.

Kwana ukku da karɓo ta, na taso daga Illela bayan isha'i, ina isa Kware na ji ƙauri. Na tsaya na buɗe bonat, sai nig ga bututun nan huɗu dut sun yi ja awa garwashi. Allurar zafi kuwa tana tsakiya. Da na iso gida na bari ta huce, na sake tada ta a tsaye na ɗan riƙe totur, minti goma ba su cika ba jan ya dawo. Ga shi ba ta ɗauka kamar da, tana shan fetur fiye da kafin a yi aikin, in na saki totur kuma tana harbi a salansa.

Na koma wurin makaniken, yac ce sabon inji na, ya matse, in yi ta aiki da ita zai saki. Ya ce shi da kansa ya rage mata taimin da kunne don kada ta yi ƙara. A tasha wani ya ce in cire tamostat, wani ya ce a fasa indomi, saƙar nan da ke cikin tukunyar salansa, wani ya ce in riƙa watsa mata ruwa. Damuwata ita ce makaniken yayan matata na, ya girme ni, kuma rabin kuɗin hannu kawai ya karɓa. Ina jin nauyin in ce mashi aikinai bai yi ba, ga mai bashi shina jira. Mi za ni yi?

Direba daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya rufa asiri. Ka gode masa da hancinka ya ji ƙaurin nan a Kware, ba sai da hayaƙi ya turnuƙe fasinja ba.

Kafin komai, ajiye motar. Na san maganar tana da nauyi ga wanda mai bashi ke leƙo ƙofarsa, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kwana biyu ba lodi asara ce da za ka mayar cikin mako guda. Bawul da ya ƙone ko tof silinda da ya tsage kuwa sabon bashi ne a kan wanda ba a biya ba. Kuma abin da nake zato yana damun motar nan, in Allah ya sa shi ne, gyaransa ba zai ci awa ɗaya ba, ba kuma sai an sayo komai ba.

Kai ɗan Sakkwato ne, ba sai an ba ka labarin Maƙera Assada ba. Ka san irin zugar da ƙarfe ke sha kafin ya canza launi. Ƙarfe ba ya fara nuna ja, ko a cikin duhu, sai zafinsa ya haura digiri 500 a ma'aunin Salsiyas, in kuwa da rana tsaka ake ganin jan, to ya doshi 700. Ruwan lagireto wajen digiri 90 yake aiki, kuma shi kaɗai allurar nan ta gaban direba take aunawa. Ba ta da labarin abin da ke faruwa a salansa, saboda haka zamanta a tsakiya kada ya kwantar maka da hankali. Tof silindan da manifol ɗin ke ɗaure a jikinsa na alminiyam ne, ƙarfen da ke narkewa a digiri 660, ruwan da ke zagaye cikinsa ne kawai ke kare shi.

Zan yi wa surukinka adalci a wuri ɗaya. Manifol mai siraran bututu ya fi na ƙarfen zubi saurin nuna ja, don fatarsa ba kauri. Mota mai cikakken lodi da ta sha doguwar tafiya a guje, in ka buɗe bonat nan take cikin dare, kana iya ganin ɗan ja-ja a gindin bututun, abin da tsohon manifol da gwangwaninsa suka saba ɓoye maka. Haka nan ƙaurin fenti da na man da ya ɗiɗɗiga lokacin ɗauri, a rana ta farko da ta biyu, ba abin tsoro ba ne. Da iya nan labarinka ya tsaya, da na ce ka ci gaba da neman abincinka. To amma kai a tsaye ka tada ta, ba lodi, ba hawa, minti goma ba su cika ba ta yi ja. Wannan ba matsewar sabon inji ba ce. Injin da ya matse, gogayyar ringi da metal a ruwa da baƙin mai take nuna zafinta: allura ta ɗan ɗaga, kik ya riƙa juya shi da nauyi. Ba ta da hanyar da za ta bi ta gasa salansa. Abin da ke gasa salansa wuta ce, wutar da ya kamata ta gama ci a cikin silinda amma ta biyo hayaƙi waje.

Dubi murhu. In itace yana can ciki, harshen wuta na lasar gindin tukunya, abinci ya dahu da wuri. In aka janyo itacen baki, wutar tana nan, itacen na ƙarewa, mai girki na shan zafi a ƙwauri, tukunya kuwa ta ƙi tafasa. Haka inji yake. Fulogi yana ba da wuta tun fistin bai gama hawa sama ba, domin fetur da iska ba sa ƙonewa farat ɗaya, suna bukatar ɗan lokaci. So ake ƙarfin ƙunar ya cika daidai sa'ar da fistin ya juyo ƙasa. In aka makarar da wutar, wato abin da kanikawa ke kira rage taimin, fistin ya riga ya yi nisa kafin ƙunar ta kankama, bawul ɗin hayaƙi ya buɗe tana tsakar ci, sai ta ƙarasa a cikin bututu. Zafin da ya kamata ya zama ƙarfi a taya sai ya zama garwashi a manifol.

Yanzu jera abin da ka faɗa da bakinka. Bututu huɗu duka sun yi ja, ba ɗaya ba. Mota ba ta ɗauka. Tana shan fetur, tana harbi in ka saki totur. Mai aikin kuma ya ce da kunne ya rage taimin. Ni dai ban ga motar ba, amma in aka ce in nuna inda za a fara, ba na waiwayen ko'ina sai nan.

Niyyarsa mai kyau ce, kada ka yi masa mummunan zato. Taimin da ya yi gaba da yawa yana kawo ƙarar nan mai kama da ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda ke iya cin kan fistin, shi ya sa tsofaffin kanikawa ke gwammace su rage a sabon aiki. Kunne kuma ya yi musu aiki a zamanin Peugeot 504 mai kafireto. Sai dai injin 4A-FE na Carina E, motar da aka ƙera tsakanin 1992 da 1997, yana da birenbos, wato kwamfutar motar, da ke matsar da taimin gaba da baya da kansa gwargwadon gudu da nauyin aiki. Kana juya dilko, wato abin da ke raba wa fulogi wuta, kana saurare, birenbos kuma yana can yana gyara nasa lissafin, ta ina kunne zai san inda aka tsaya?

Toyota ta tanadi hanyar yin abin. A cikin bonat akwai wani ɗan akwati mai rubutun DIAGNOSIS a marfinsa, in ka buɗe za ka ga sunayen ramukan a cikin marfin. A bar inji ya yi zafinsa na aiki, a kashe fitilu da na'urar sanyi, yana silo, sai a haɗa ramin TE1 da na E1 da guntun waya. A duba da kyau, kada a haɗa wasu ramukan daban. Wannan haɗin shi ke sa birenbos ya tsaya cak ya daina wasa da taimin. Sannan a haska fitilar taimin a kan fulin karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa. Tsagar da ke jikin fulin a kan 10 ya kamata ta tsaya, wato digiri 10 kafin fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa. In ba a nan take ba, a sassauta kusoshin dilko, a juya shi sannu a hankali har ta zo, a ɗaure, a cire wayar. Shi ke nan aikin. Tun da wayar na hannu, a yi amfani da ita sau biyu: in aka haɗa ramukan nan aka murɗa makulli ba tare da an tada inji ba, fitilar inji da ke gaban direba za ta riƙa ƙiftawa tana ba da lambar duk wata matsala da birenbos ya riƙe. In har ba a cire ƙwan ba ke nan, don na san halin wasu masu sayar da mota.

In aka juya dilko har ya kai ƙarshen ramin kusarsa tsagar ba ta iso 10 ba, to laifin ya wuce dilko, taimin bel ne ya zauna ba daidai ba. Wannan yana faruwa ga kowa, har gwanaye, musamman lokacin da aka saki tenshina bel ya ja. Haƙori ɗaya kacal yana gusar da komai fiye da digiri 10, kuma da yake kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, ne ke juya dilko, kuskuren bawul da wuta duka yake tafiya da su. A buɗe marfin sama, a juya inji da hannu har tsagar fuli ta zo kan sifiri, a duba ko ramin da ke jikin fulin kamshaf ya yi daidai da alamar da ke bayansa. Kada a manta kamshaf biyu ne a injin nan, bel na juya ɗaya, shi kuma yana juya ɗan'uwansa da haƙoran giya, su ma giyoyin da alamarsu da dole ta haɗu. Tun da an sauke tof silinda, an raba su ke nan, kuma an sake haɗawa.

Tun da an buɗe marfin, kada a rufe sai an auna tazarar bawul. Nan ne kanikawa da yawa ke tsallakewa, don aikin yana da cin rai. Bawul da aka wanke yana ƙara nitsewa cikin mazauninsa, sai wutsiyarsa ta matso kusa da kamshaf, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu. Tazarar nan dama ba ta kai rabin milimita ba. Wannan injin ba shi da kusar saiti, wasu 'yan fayafayai ne kamar ƙwandala da ake kira shim, guda 16, kowane da kaurinsa da gurbinsa. In aka zuba su a kwano ɗaya lokacin kwancewa aka mayar yadda hannu ya kai, an ɓata lissafin. Bawul ɗin hayaƙi da ya matse, in ya ɗauki zafi ya miƙe, ba ya rufewa ruf. Wuta ta riƙa tsartuwa ta gefensa zuwa manifol, shi kuma da yake ta hanyar taɓa mazauninsa yake sauke zafi, sai ya rasa wurin hucewa, bakinsa ya cinye. Da filagej, wato siraran fallayen ƙarfe na gwada tazara, ake aunawa, inji yana sanyi. Wannan matsalar ta fi nuna kanta a bututu ɗaya ko biyu, tare da rawar inji a silo, shi ya sa ban sa ta a gaba ba. Amma kwana ukun da ka yi kana aiki da motar a haka sun isa dalilin da za a auna, a kuma yi gwajin kwamfireshan. Silinda huɗun su zo kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

To in taimin ya zauna a kan 10 jan bai tafi ba fa? Sai a tambayi bututun da fulogin, su ba sa ƙarya. Da dare, a tada ta daga sanyi a ga wane bututu ke fara canza launi. In akwai mai na'urar auna zafi daga nesa, mai kama da ƙaramar bindiga, ya fi. Ba irin wadda aka yi ta auna goshi da ita lokacin korona ba, wannan ba ta kai can ba. Bututun da ya fi saura zafi, silindansa za a bincika. Wanda ya ƙi ɗaukar zafi kuma silindansa ba ya cin wuta, ɗanyen fetur yake turowa, fetur ɗin ya je can ƙasa inda bututun suka haɗu ya kama. A nan sai a duba wayoyin fulogi ko an sarƙe su, domin jerin wutar injin nan 1-3-4-2 ne. A kwance fulogin huɗu a jera su yadda suka fito. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya lau. Fari fat, fetur ya yi wa iska kaɗan. Baƙi mai kunkunniya, fetur ya yi yawa. Wanda ya fito a jiƙe bai ga wuta ba sam.

Abin da ke rikita mutane shi ne ƙarancin fetur da yawansa duka suna iya gasa salansa. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na fetur, a nauyi. In fetur ya gaza, ƙunar tana tafiyar hawainiya, bawul ya buɗe ba ta gama ba, an koma maganar murhu. Motar da ta yi makonni a gareji, aka tada ta da ragowar gindin tanki, ko aka cika ta da na 'yan bumburutu, ba abin mamaki ba ne dattin ya toshe matatar fetur ko nozul. A canza matata, ba ta da tsada, a auna ƙarfin famfo, a wanke nozul in ta kama. A kuma saurari gasket ɗin manifol na shaƙa, in yana shan iska a gefen silinda ɗaya, wannan silindan zai rame shi kaɗai. Ta ɓangaren yawa kuwa, injin nan da wani siririn tiyo birenbos ke jin ƙarfin zuƙar iska. In aka manta ba a maida tiyon ba, ko ya tsage don tsufa, birenbos zai ɗauka ka take totur har ƙasa, ya yi ta ɗura fetur. Sai baƙin hayaƙi da shan mai. Akwai kuma wata da ta shafe ka kai tsaye, tun da manifol ɗinka baƙo ne a jikin injin: in fuskarsa ba ta kwanta sosai ba, yana tsotsar iska ta tsagar, na'urar da ke shinshinar hayaƙi ta kai rahoton cewa fetur ya yi kaɗan, birenbos ya ƙara, rarar ta haɗu da iskar ta kama a bututu. Alamarta ƙarar tik-tik da safe kafin inji ya yi zafi, da zanen baƙi a bakin gasket.

Mu zo kan indomi, wato saƙar nan mai kama da ta zuma da ke cikin tukunyar farko ta salansa. Wanda ya ambace ta a tasha bai yi shirme ba, gaggawa ya yi. Motarka ta daɗe tana ƙona baƙin mai, kuma duk hayaƙin nan ta cikin saƙar ya bi, yana iya toshe ta. In ta toshe, hayaƙi ya rasa mafita, zafi ya taru a baya. Alamarta mota ta yi silo lafiya, amma kana ƙara totur tana shaƙewa, a hanya ta ƙi wuce wani gudu ko ka taka har ƙasa. Gwajin ba wuya: a kwance na'urar hayaƙin da ke gaba da ita, ko a sassauta mahaɗar bututun, a tada inji na ɗan lokaci. In motar ta buɗe nan take, toshiya ce. A leƙa da tocila kafin a yanke hukunci, domin wani lokaci ba indomi ba ce, tsumma ne da yaron gareji ya cusa a bakin bututu don kada ƙasa ta shiga, aka ɗaure da shi a ciki. Wani lokacin kuma an daɗe da fasa ta, ɓaraguzan ne suka gangara suka cushe tukunyar baya. Ban yarda a fasa maka ita a kan zato ba. Akwai ƙarafa masu tsada a jikinta, irin su filatinam, kuma tana da masu saye. Duk wanda ya matsa a fasa, tambaye shi wa zai tafi da garin.

Sauran shawarwarin tasha biyu kuwa ka bar su a tasha. Tamostat da ruwan inji yake hulɗa, ruwanka kuma lafiyarsa lau. In ka cire shi, inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, birenbos ya ci gaba da ba shi fetur irin na safiya, sabbin ringinka su sha wanki. Watsa ruwa kan jan ƙarfe kuma, maƙeri ma da lissafi yake yi. Kai abin da za ka samu shi ne manifol da ya tsage ko ya karkace, na biyu ke nan a wata guda.

Gwangwanin da ba a mayar ba, shi ma ba ado ba ne. A motarka manifol gaba yake kallo, ga fanka ta roba, ga tiyon ruwa, ga wayoyi, duk a kusa. A zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, da inuwa ma ke haura digiri 40, ba su da sauran haƙurin ɗaukar wani gashin. In na asali bai hau ba, mai walda zai iya yanka wani ya ɗaura, ya bar 'yar tazara tsakaninsa da bututun don iska ta ratsa. Kada a naɗe bututun da komai don a daina ganin jan. Kafin a gama gyara, kada ka tsayar da ita kan busasshiyar ciyawa ko kara, kada galan ɗin fetur ya kwana a but, kuma tukunyar kashe gobara ta zama mai aiki, ba wadda ake nuna wa jami'an hanya kawai ba.

Saura maganar da na san ita ta fi hana ka barci. Kunyar suruki gaskiya ce, ba zan ce ka ajiye ta ba. Amma ka lura, ba sai ka ce masa aikinsa bai yi ba, don wataƙila aikin ya yi. Mutumin da ya haɗa inji ya tashi, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ya yi babban aikin. Saiti ne ya rage, saitin kuma kayan aiki yake so, ba ƙwarewa ba. Ta nan za ka shiga. Nemi riwaya ko makaniken da ke da fitilar taimin, ka biya shi ladan zuwa, ka tafi da shi garejin surukinka da sassafe kafin mutane su taru. Ka gaisa yadda kuka saba, ka ce, "Yaya, jan nan ya hana ni sukuni, ga rayukan mutane ina ɗauka. Na samo mai fitila, don Allah a haska a gabanka mu ga inda take, in ya so kai ka saita da hannunka." Ka ga ba ka ƙwace masa aiki ba, ba ka kuma ƙaryata shi gaban yaransa ba. In fitila ta nuna tsagar tana can baya, ba kai ka faɗa ba, kowa ya gani da idonsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abu biyu ne ba na so ka yi. Kada ka aika matarka da saƙon, maganar mota ce tsakanin maza biyu, in ta bi ta cikin gida sai ta zama maganar zumunci. Kada kuma ka saci jiki ka kai motar wani gareji a ɓoye. Kanikawan gari sun san juna, kafin la'asar labari ya iso masa, kuma wannan zai fi yi masa ciwo fiye da duk abin da za ka faɗa a gabansa. In ya ƙi a haska, ya tsaya kan sai dai ka yi ta aiki da ita, to ka gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa za ka kai a auna maka ka dawo masa da sakamako. Motar taka ce, bashin ma naka ne. Rabin kuɗin hannun da ya bar maka kuma, in hali ya samu ka cika masa ko bai tambaya ba. Rangwamen nan shi ne ya ɗaure maka baki yau. Mai bashi shi ma ka riga shi, ka je da ƙafarka ka ce mota na gareji kwana biyu, kada ya ji a bakin 'yan tasha.

In an saita, ka maimaita gwajin da ka yi da kanka: da dare, a tsaye, minti goma, totur a riƙe kaɗan. Za ka ma ji canjin tun kafin ka gani, domin injin da aka maida wa taiminsa yana sakin murya, totur ya yi sauƙi. In bututun sun zauna da launinsu, ka je Kware ka dawo ba fasinja, ka tsaya ka buɗe bonat a inda ka buɗe ran nan. Bayan haka sai ka koma lodi, amma na hankali. Sabbin ringi ba sa son a bar inji yana silo na tsawon lokaci, ba sa kuma son a danne shi a babbar giya da buhunan albasa a baya. Ka riƙa sauya gudu, ka juye baƙin mai da matatarsa in ta yi wajen kilomita 1,000, a kuma sake bin kusoshin manifol da sifana inji yana sanyi, don zafin da suka sha yana sassauta su.

In kuwa an tsayar da ita a kan 10, alamomin bel sun haɗu, jan bai tafi ba, ka sake rubuto mini. Ka faɗa mini launin fulogin huɗu ɗaya bayan ɗaya, da lambar da kowane silinda ya bayar a gwajin kwamfireshan, da bututun da ke fara yin ja.